Ɗa mai albashi a gidan iyaye: ya biya ko a bar shi?

A hirar da aka yi a wata fada a Maradi, kusan kowa ya ƙi batun kuɗin haya. Dattawa suka ce uba ba ya karɓar haya a hannun ɗansa, abin kunya ne. Amma cin tuwo kyauta ga mai albashi, wannan ma ba wanda ya goyi baya.

Shawarar da ta fi karɓuwa ita ce ɗa ya ɗauki nauyi guda sananne: takardar wutar NIGELEC, ko buhun gero, ko cefanen wasu kwanaki. Masu lura suka ƙara da cewa a sayi geron da kaka, tun tiya tana da araha, kada a jira damina farashi ya hau. Ni ma nan na fi karkata, don kuɗin hannu saurin narkewa gare su.

An yi gardama kan 'ya mace. Wasu iyaye mata suka ce a bar ta ta zuba adashi ta tara kayan ɗakinta, wasu suka ce ko jika biyar ce ta riƙa sakawa a hidimar gida.

Malamin kwantiragi da ɗan kabu-kabu kuwa, aka ce a yi musu uzuri a watan da hannu ya bushe, muddin sun faɗa wa mahaifi tun da wuri.