Muhawara: maganin kwalba na iya toshe kilas (kan inji) mai tsattsafo ko sai walda?

Mai Bashe: Salamu alaikum jama'a. Ina da Fijo 504 bashe ta gado, ruwan radiyata na raguwa kullum amma ƙasa a bushe. An canza juwan kilas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kilas da gangar inji, har yanzu dai. Mai gyara ya ce kan injin ne da kansa ke tsattsafo, ba tsagewa ba ce, ƙananan huji ne cikin alminiyom ɗin. Wani ya ce mani in zuba ruwan gilas ɗin nan na kwalba shikenan an gama har abada. Gaskiya ne?

Ɗan Kamasho: Gaskiya ne mana Alhaji, ni na ga an yi ma wata 404 mai zuwa Dakoro kuma tana nan tana aiki, kar ka bari masu garaji su cinye ka

Mai Walda na Sabon Gari: Har abada? Haba dai. Abin da ke cikin kwalbar nan sodiyom silikat ne, yana bin ruwa har wurin hujin, in ya samu zafi ruwan jikinshi ya tashi sai ya daskare ya yi tauri, wannan ba ƙarya ba ne yana toshewa. Amma alminiyom na buɗewa da zafi ya koma in ya huce, shi ko abin ba ya miƙewa, to a zahin Afrilu da muke wuce digiri 40 a inuwa ga lodi ga yashi, wata nawa zai yi kahin ya ɓare? Kuma bai san hujin kilas daga ramukan radiyata ba, duk inda ya samu matsi nan yake zama

Ɗan Kamasho: To ai kai walda kake saidawa dole ka ce haka 😂

Mai Walda na Sabon Gari: Wallahi ni ma ban ce a kawo mani ba yaya. Tsagewa ɗaya ina iya fafe ta in cike da waldar argon. Amma kilas mai huji-huji da ta sha mai shekara 40, kana ɗora wuta datti na tasowa daga ciki, ka rufe nan can ya buɗe, ƙarshe ta lanƙwashe sai an kai ta an fere fuskar

Baba Direba: Ku yara kuna ta gardama ba wanda ya tambayi mafarin ciwon. 504 ta hito 1968, kuma an yi ta haɗa ta a Kaduna tun 1975, mun tuƙa ta mun san halinta. Gangar injin ƙarfe ce, kan alminiyom. In ka haɗa su biyu cikin ruwan rijiya ko na pampo ba ka sa ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa ba, alminiyom ɗin ne ke cinyewa a hankali. Mu nan cewa muke ai ba ƙanƙara a Maradi me za a yi da shi, alhali ba don sanyi kaɗai aka yi shi ba. Wasu kilas kuma tun daga zubi suke da hujin, iska ta maƙale lokacin da aka narka ƙarfen, sai an fere fuskar sau biyu sau uku ta bayyana.

Yaron Garaji: Baba barka da yamma. To ƙwai da garin barkono da ake zubawa fa?

Baba Direba: Wannan na radiyata ne ɗana, in ta huje maka a daji ka samu ka kai gari. Ba ruwanshi da kilas.

Injiniya: Akwai hanya ta uku da masana'antu ke bi. Ana wanke kilas ɗin tas, a busar, a sa cikin tukunyar ƙarfe a zuƙe iskar duka, sannan a sako wani ruwan roba mai shiga ko'ina, ya cika hujin, a dafa cikin ruwan zahi wajen digiri 90 ya daskare a ciki. Ba ta lanƙwasa kilas tunda alminiyom sai wajen 660 yake narkewa. Sai dai ƙananan huji kawai take rufewa, ba ta ɗinke tsagewa

Ɗan Kamasho: To Injiniya wace unguwa ake yin wannan, Mokoyo ko Faransa? Mutum na neman ya yi lodin Jibiya gobe kana mashi lacca

Mai Walda na Sabon Gari: Alhaji kahin ka kashe ko dala, a cire ta a gwada. A toshe ramukan ruwa, a hura iska da kwamfuresa, a nutsa ta cikin ruwan zahi, inda kumfa ta taso nan ciwon yake. In daga waje ne inda ba wuta, a goge a shafa gam mai haɗi biyu na ƙarfe yana riƙewa. In cikin ɗakin wuta ne kusa da bawul, manta, nemi wata kilas a Ƙofar Ruwa Kano, ita ma a gwada ta kahin ka biya. Man injin ya koma fari kamar nono?

Mai Bashe: Bai koma ba tukuna, sai farin hayaƙi da safe kaɗan

Ɗan Kamasho: Ka gani, ƙarami ne, kwalba ɗaya ta isa

Baba Direba: Farin hayaƙi ai ruwa ne ke shiga silinda. Kwance buji huɗun nan gobe da safe ka duba wanda ya wanke fes ya hi sauran haske, ka turo mana hoto.