Na karkatar da kira a wayar tebur, amma manhajar ofis ba ta san an yi ba

Sakatariya_Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a ofishin wani kamfanin jigilar kaya, ni ke ɗaukar kiran direbobi da 'yan kasuwa. Muna da wayar tebur mai aiki da intanet, da kuma manhajar hira da kira a kwamfuta, lamba ɗaya suke amfani da ita. Idan zan fita sallar azahar nakan danna maɓallin wayar in tura kira zuwa wayar hannuna. Sai in duba manhajar in ga ba abin da ya canza. Abin da ya fi damuna, ranar da aka ɗauke wuta kafin a tada janareta, wani direba da motarsa ta lalace a hanyar Zariya ya yi ta kira bai same ni ba, alhali na tura kiran. Yaya zan sa su biyun su riƙa tafiya tare?

Injiniyan_Waya:
Wa alaikumus salam, Malama. Wuri biyu ake ajiye umarnin tura kira: cikin wayar kanta, ko a sabar, wato babbar kwamfutar da ke rarraba kiran ofis. Maɓallin da kike dannawa a cikin wayar yake ajiye shi. Kira na shigowa sai wayar ta mayar wa sabar da saƙo mai lamba 302, wato "ba ni nan, nemi lamba kaza". Manhajar kuwa sabar take tambaya, ita kuma ba a gaya mata komai ba. To da wuta ta ɗauke wayar ta mutu, babu mai isar da wannan saƙo, shi ya sa direban bai same ki ba.

Ki daina amfani da maɓallin tukuna. Ki saita turawar daga cikin manhajar, ko ki buga lambar umarni. A manhajojin sabar irin su FreePBX da BroadWorks *72 ke kunnawa, *73 ke kashewa, in dai ba a sauya su ba. Amma ki fara kashe wadda ke cikin wayar, domin in kika bar biyun, za ki kashe ɗaya kira ya ci gaba da tafiya.

Sakatariya_Kano:
Allah ya saka da alheri, Injiniya. To maɓallin ya zama ba shi da amfani kenan? Ya fi min sauƙi wallahi.

Injiniyan_Waya:
A'a, yana da gyara. Wayoyin Yealink suna da saitin Feature Key Synchronization, a kunna shi idan sabar ta yarda da shi. Daga nan kina dannawa sabar za ta sani, in kuma kin canza a kwamfuta alamar za ta fito a fuskar wayar. Mai kula da na'urorinku ne zai yi, ba aikinki ba ne.

Bakatsine:
Ƙari kaɗan, 'yar uwa. In sabar a cikin ofis take, ita ma wuta take sha, a sa mata batirin ajiya tare da na'urar intanet. Kuma ki duba wayar hannunki, kada ita ma tana mayar da kira lambar ofis, su yi ta jifan juna da shi. Buga ##002# a wayar hannun ya share duk turawar da ke kan layin.

Sakatariya_Kano:
Na gode ƙwarai. Na buga *72, na zare wayar tebur daga soket, na sa abokiyar aikina ta kira, ya shigo wayar hannuna. Gobe in sha Allahu zan yi wa mai na'urorin maganar maɓallin da batirin.