Bincike na manyan likitoci ne kaɗai? Gardama a zauren ma'aikatan lafiya na Damagaram

Mai kula da zaure: Salamu alaikum. Jiya Majo, shugaban wani ƙaramin asibiti, ya jefo magana ya tafi barci: wai koya wa infirmiye, ungozoma da ɗan labo dabarun bincike ɓata kuɗi ne, bincike na likitoci ne da malaman jami'a. Majo, fito ka kare kanka.

Majo: Ina nan kan bakana. Yanzu damina ce, zazzaɓin cizon sauro ya cika mana CSI, wato ƙaramin asibitinmu, uwaye a jere tun asuba har ƙarƙashin bedi. Mu biyu ne, ga allura, ga awon ciki, ga rahoton wata da za a zuba a DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya. Da wane lokaci zan yi bincike? A ƙaro mana ma'aikata tukuna.

Ungozoma: Baba Majo, gajiyarka gaskiya ce, amma ka tuna abin da ya faru a ƙasar Mirya. A 2013 zuwa 2014, ƙungiyoyin agajin lafiya ALIMA da BEFEN sun koya wa uwaye a Dogo awon damtsen ƴaƴansu da zaren nan mai ja, ɗorawa da kore, a Takeita kuma aka bar aikin hannun masu sa kai na gari. Da aka kwatanta, uwaye ba su gaza ba wajen gano tamowa. Yau ƙasashe da dama sun ɗauki tsarin. Ba injin miliyoyi aka sa ba, zare ne da rajista.

Majo: Ƴata, kin kawo mini hujja da kanki. Wa ya tsara aikin? Ƙungiya mai kuɗi da ƙwararrunta. Namu mutanen awo suka yi.

Ɗan labo: To ai nan ciwon yake, Majo. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Na taɓa yi wa wasu masu bincike aiki, ni ke shafa jini a gilashi, in rina, in ƙirga ƙwayoyin cuta har idona ya yi ja. Aka ba ni kuɗin zama, aka kwashi takardu. Ban ga sakamako ba, balle sunana. Da na san yadda ake rubuta tsarin bincike, da tun farko na nemi a sa ni cikin marubuta, ko in ce a bar mana kwafin bayanan.

Mai gashin ƙashi: Ni fa rabi ina tare da Majo. Horon da ake kira a otal, a ci abinci, a raba takardar shaida, kowa ya koma gida, wannan kam asara ce. Mun rubuta memuwar, wato kundin bincike, a ƙarshen karatu, nawa ne cikinmu suka sake buɗe ta?

Ungozoma: Yaya, laifin horon ne, ba na binciken ba. Abin da nake nufi ƙarami ne. A rajistata ina ganin mata sun zo awon ciki na farko, kafin na huɗu sun ɓace. Nisa ne? Kuɗin kabu-kabu? Miji ne ya hana, ko mu ne muke musu tsawa? Kowa yana da amsa a baki, ba wanda ya ƙirga. A koya mini mayar da wannan tambaya guda mai amsuwa, mata nawa zan tambaya, da yadda zan jera amsoshin a manhajar Excel ko Epi Info. Sannan a haɗa ni da malami guda daga Jami'ar André Salifou ko makarantar koyon aikin lafiya ta ENSP da zai duba aikina sau ɗaya a wata. Ga su nan cikin gari, ba Yamai ba.

Ɗalibar ENSP: Anti, in kin fara ki ɗauke ni, zan shigar da bayanan.

Majo: Akwai abin da kuke tsallakewa. Rajistar nan da kuke yabo, shekarun yara da yawa ƙiyasi ne, wani wurin ba a cika ba saboda layi ya yi tsawo. Ka gina lissafi a kai, ka fito da ƙarya mai lamba. Kuma sirrin maras lafiya fa? Yaro ya ɗauki hoton shafi da salula ya tura WhatsApp, da sunayen matan mutane.

Ɗan labo: Wannan kam ka yi gaskiya, kuma shi ne darasin farko: a cire sunaye, a nemi yardar mutum, a kai tsarin gaban kwamitin ɗa'a kafin a taɓa kowa. Wanda bai koya ba shi ke ɗaukar hoto. Kuma ranar da na san ni zan yi amfani da rajista, ba zan bar gurbi ba.

Majo: Ku nemo wanda zai riƙe mini CSI yini ɗaya a mako, a rubuce, da sa hannun shugaban gunduma. In an samu, a sa sunana farko. Ina da tambaya kan yaran da ke komowa da tamowa bayan an sallame su.

Mai gashin ƙashi: Ashe Majo ma yana da tambaya a aljihu!

Majo: Tambaya kyauta ce. Yinin nake jira.