Motsa jiki na ƙara wa ma'aikata ƙwazo, ko zance ne kawai?

Akawu daga Kaduna:
Assalamu alaikum. Mu goma sha huɗu ne a ofis, daga ƙarfe 8 zuwa 5 muna gaban kwamfuta. Uku na shan maganin hawan jini, ni kuwa ciwon baya ya hana ni sakat. Na ba maigida shawarar ya biya mana kuɗin gidan motsa jiki, ya ce sai na kawo hujjar cewa aiki zai ƙaru. Akwai binciken da zan nuna masa?

Ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam. Malam, ta fuskar lafiya hujja ta daɗe. Tun 1953 Jerry Morris ya duba ma'aikatan bas masu bene a Landan, ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, da ke wuni a zaune, fiye da kwandastocin da ke hawa da sauka a matakala. Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ma ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako, ko da tafiya ce da sauri.

Malamin jami'a:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai maigidan ba lafiya ya tambaya ba, riba yake nema. A nan kuwa hujjar ba ta da ƙarfi. A Jami'ar Illinois ta Amurka an raba ma'aikata kusan 5,000 ta hanyar ƙuri'a, aka ba wasu shirin kula da lafiya, aka bar wasu. Sakamakon da ya fito a 2019 bai nuna bambancin a zo a gani ba, a kuɗin asibiti ko a ƙwazon aiki. Abin da ya fi ba ni sha'awa, waɗanda suka rungumi shirin tun asali su ne masu ƙoshin lafiya. Shi ya sa nake ɗari-ɗari da rahotannin da ke cewa masu zuwa motsa jiki sun fi aiki. Kada ka yi masa alkawarin riba, ranar da ya zauna lissafi kai za a tuhuma.

Telan Kantin Kwari:
Akawu, ko an biya wa zai je? An tashi ƙarfe 5, ga cunkoso, matan cikinku ga girki na jira. Mu a shago mun daina aiken yaro ruwa da zare, kowa ya tashi ya ɗauko. Azahar da La'asar kuma masallacin nesa muke takawa.

Akawu daga Kaduna:
Na gode. To zan sauya roƙo: kujeru masu kyau, na'urar awon hawan jini guda, da izinin miƙewa kowane rabin awa. Hajiya, wace iri ta fi, ta damtse ko ta wuyan hannu?