Wane littafi zan karanta kan jiragen Ingila masu sauka a ruwa?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Ina rubutun kammala digiri a kan tarihin filin jirgin Kano. Na faro daga jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925. Da na iso kan kamfanin Imperial Airways sai na ci karo da hoton jirginsu zaune a kan kogin Nilu, ana kai masa fasinjoji a ƙaramin jirgin ruwa, kuma tun daga nan hankalina ya koma can. Don Allah me zan karanta da zai fahimtar da ni abin da ya sa suka zaɓi ruwa? Kuma sun taɓa zuwa wajenmu?

Tsohon Makaniki:
Wa alaikumus salam, ɗana. Fara da Robin Higham, Britain's Imperial Air Routes, na 1960. Ba ya da daɗin karatu, amma shi ne ya bi sawun kuɗin, kuma kuɗin ne labarin. A 1924 gwamnati ta haɗe ƙananan kamfanoni huɗu ta ba su tallafi, aka sami Imperial Airways. Abin da ya raya shi wasiƙa ce, ba fasinja ba. Daga 1937 aka fara ɗaukar wasiƙun daular ta sama a kan kwabo ɗaya da rabi kowane rabin oza, buhuna suka yi yawa, ana buƙatar manyan jirage. Filayen Afirka kuwa da damina caɓi ne, babban jirgi sai ya kafe, ga Nilu da tafkin Victoria a shimfiɗe. Shi ya sa tun ana shirin wannan tsari suka yi odar jirage 28 masu sauka a ruwa daga kamfanin Short tun ba a ga ko ɗaya ya tashi ba. Na farkon, Canopus, ya tashi daga kogin Medway na Ingila a Yuli 1936.

Yar Kurmi:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai Higham daga Landan yake kallon komai. Ƙanena, nemi Air Empire na Gordon Pirie, 2009, shi ya fi damuwa da Afirka da mutanen da ke ƙasa. Game da tambayarka ta biyu, Kano ba ta ga na ruwa ba. Reshenmu na tudu ne, da jirgin DH.86 mai inji huɗu, daga Khartoum ta El Fasher da Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da Maiduguri zuwa Kano, tun Fabrairu 1936, sannan aka miƙa shi Legas a Oktoba. Ka ɗora wannan layi a kan taswirar hanyar da alhazanmu suke bi da ƙafa, za ka sami babi guda. Legas ce ta ga na ruwa, a lokacin yaƙin Hitila.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri, Baba, ke ma Yaya. Akwai mai labarin matuƙan su kansu?

Tsohon Makaniki:
Corsairville na Graham Coster. Jirgin Corsair ne ya ɓata hanya a Maris 1939, ya sauka dole a kogin Dungu a Kwango, cikinsa ya fashe. Sai da aka gyara shi a dajin, aka datse kogin don ruwa ya taru, kafin ya tashi a Janairu 1940. Amma lambobi da kwanan wata kada ka ɗauka daga nan, ka duba Shorts Aircraft since 1900 na C. H. Barnes.