Goɗiya mai murɗaɗɗen gashi: halinta yana canzawa idan ta haihu?

Mai tambaya, daga Nebada:

Assalamu alaikum. Shekarata ta biyu ke nan ina aikin barga a wata gonar dawakai a jihar Nebada ta Amurka, kuma cikin goɗiyoyin da aka damƙa mini akwai ɗaya daga irin da ake kira Curly, masu gashi a murɗe kamar na ɗan rago. Da sanyi gashin jikinta yakan nannaɗe, idan zafi ya shigo ya zube ta koma kusan sumul, sai na cikin kunnuwa da ba ya miƙewa. Asalinta daga garken iyalin Damele ne na wannan jiha, waɗanda suka lura cewa a mugun sanyin 1932 masu irin wannan gashi ne suka fi tsira cikin dawakansu. Cikinta wata 10 ke nan, kuma ban taɓa ganin ta yi harbi ko cizo ba. Ina roƙon waɗanda suka taɓa karɓar haihuwar irinta su gaya mini ko wannan haƙuri nata zai ɗore bayan ɗuƙushi ya faɗo.

Wani dattijo, daga Kanada:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ni cikin dawakai na tashi a Katsina, amma da yake a gida ingarma ake ɗaurewa don hawan salla, sai da na zo nan na san halin goɗiya sosai. Sau uku ina tsaye wata irin taka ta haihu. Abin da ya fara ba ni mamaki a kanta shi ne, idan wani abu ya firgita ta ba ta zabura da gudu kamar sauran, sai ta tsaya cak ta zuba wa abin ido. Akwai ranar da ƙafarta ta baya ta sarƙe a wayar shinge, na same ta tsaye ko motsi ba ta yi, har na ɗauko filaya na yanke wayar, alhali wani dokin da fizge-fizge zai yi har ya tsinke jijiya.

Wannan natsuwa ce ta ruɗe ni a haihuwarta ta farko. Na shiga bargar da asuba na nufi ɗuƙushin kai tsaye ban kula uwar ba, sai kawai ta kwantar da kunnuwa ta gitta tsakaninmu, ta ture ni da kafaɗa har na haɗu da bango. Ba ta cije ni ba, amma na gane gargaɗin. Daga ranar uwar nake fara zuwa, in yi mata magana, in shafa wuyanta, sannan in taɓa ɗanta tana kallo. Bayan kwana uku ko huɗu takan saki jiki.

Wata mai aiki a asibitin dabbobi, daga Jamus:

Baba, Allah Ya ƙara girma, ina da ɗan ja a kan batun hali, domin na taɓa duba wata Curly wadda sai da mutum biyu suka riƙe ragamarta kafin a yi mata allura. Yawancinsu masu sanyin hali ne, amma yadda aka rene su yana da nasa kaso. Kai kuma ɗan'uwa, abin da zan ce ka sa wa ido shi ne agogo: ɗuƙushi ya miƙe cikin awa ɗaya, ya kama nono ya sha dakashi cikin awa biyu, mabiyiya ta faɗo cikin awa uku. Idan ta wuce haka, a kira likita ba tare da jinkiri ba. Kada kuma ka tsorata idan gezarta ko gashin wutsiyarta ya zube da zafi, wasunsu haka suke yi duk shekara. Matar da ta mallaki wadda na ambata ta saye ta ne saboda sauran dawakai suna sa ta atishawa da ƙaiƙayi, da wannan goɗiyar kuwa ta sami sauƙi, amma mijinta har yau da hanci a toshe yake fitowa daga bargar.

Mai tambaya ya dawo:

Na gode, Baba, na gode, Hajiya. Ta haihu daren jiya wajen ƙarfe uku, namiji ne, ya miƙe kafin awa ta cika. Gashinsa a miƙe yake kamar na ubansa, abin da bai yi wa mai gonar daɗi ba, ko da yake ya san cewa goɗiyar da ta gaji murɗin daga ɓangare ɗaya kawai, idan aka haɗa ta da ingarma mai miƙaƙƙen gashi, damar ɗan ya gaji murɗin rabi da rabi ce. Na bi shawarar Baba na fara da uwar. Ta sunsuna hannuna, ta bar ni na shafa wa cibiyar ɗan magani, amma kunnenta ɗaya yana kwance har na fita na rufe ƙofa.