Wace kalmar Hausa za mu ba "hard drive"? Zare ga masu haɗa sauti

1/ 'Yan'uwa masu aikin situdiyo, ina so mu tsayar da kalma ɗaya. Duk wanda aikinsa ya kai sahu 80 ko 100 a manhajar haɗa sauti irin su Cubase, Pro Tools ko Logic ya san wannan matsalar: waƙa tana tafiya, sai ta tsaya cak, manhaja ta ce wurin ajiya bai kawo sauti a kan lokaci ba. Ka zo yi wa yaronka bayanin dalili da Hausa, sai ka maƙale a kan "hard drive", wato na'urar da kwamfuta ke ajiye fayiloli a ciki. Sahu kuwa shi nake kiran kowane layin sauti da ke kwance a allo, na murya daban, na ganga daban.

2/ Abin da ke fara zuwa baki shi ne faifai, kuma yana da hujja. "Hard drive" na farko, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1956, faya-fayai 50 ne a jere, suna juyawa, kuma har yau HDD, wato tsohon nau'in "hard drive", haka cikinsa yake: faifai mai juyi da hannu mai karatu a kansa. Sai dai kalmar ta riga ta yi nisa. Daga faifan garmaho ta koma CD, yanzu ko ɗan bidiyon da aka turo maka a waya "faifan bidiyo" ake ce masa. Ka ce wa mutum faifanka ya cika, zai tambaye ka wanne. Ga kuma babbar illa: SSD, wato sabon nau'in, ba shi da faifai ko ɗaya a cikinsa.

3/ Wannan bambancin shi ne dukkan maganar, don haka bari mu yi lissafi. Sahu ɗaya na sauti mai bit 24, ana ɗaukarsa sau 48,000 a sakan, yana cin kilobayit 144 a kowane sakan. Sahu 100 ke nan megabayit 14.4. Ko ka ninka ingancin zuwa 96,000, bai kai megabayit 29 ba. HDD na zamani kuwa yana iya karanta fiye da megabayit 100 a sakan in fayil ɗaya ne a miƙe. To me ya sa yake shaƙewa?

4/ Saboda sahu 100 ba fayil ɗaya ba ne. Fayil ɗari ne warwatse a kan faifan, hannun karatu kuma guda ne, dole ya yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan. Faifai mai juyi 7,200 a minti yana zagaye ɗaya cikin milisakan 8 da ɗoriya, don haka jiran wurin da ake nema ya iso ƙarƙashin hannun yana cin kamar milisakan 4, tafiyar hannun kanta ta ci wajen 8 ko 9. Tsalle ɗaya ya lashe milisakan 12 ko 13, a sakan ɗaya ba zai wuce tsalle 80 da wani abu ba. Shi ya sa manhaja take ɗebo manyan gutsattsari tun kafin a iso wurinsu ta jibge a RAM, wurin ajiyar wucin-gadi mai sauri da kwamfuta ke aiki daga ciki. Amma da zarar ka yanka murya gunduwa-gunduwa, ka ɗauko wannan baiti daga ɗauka ta uku, wancan daga ta bakwai, tsallen ya ƙaru, ɗibar gaba ta kasa. Na laftof mai juyi 5,400 ya fi saurin gazawa.

SSD ba ya tsalle, domin babu abin da ke motsi a cikinsa. Yana isa kowane wuri cikin ƙasa da milisakan ɗaya. Mai hawa tsohuwar hanyar jonawa ta SATA yana kai megabayit 550 a sakan, mai sabuwar hanyar NVMe ya kai dubbai, amma a aikinmu rashin jiran nan ya fi wannan gudun amfani.

5/ Kalmar da za mu zaɓa dole ta rufe su biyun, kuma ta ba mu hanyar raba su cikin sauƙi.

6/ An kawo ma'adana da ma'ajiya. Ban ƙi su ba, sai dai sun yi faɗi: filashi ma ma'adana ce, katin memori ma haka. Ƙwaƙwalwa kuwa mu bar ta, tuni wasu ke kiran RAM da ita, wasu furosesa, kada mu ƙara mata kaya na uku.

7/ Ni rumbu na zaɓa. Gajeriya ce, jam'inta a shirye yake, rumbuna, kuma kowa ya san rumbu wurin da ake zuba abu mai yawa ne a riƙa ɗiba a hankali. Tana karɓar aikatau ɗin da muke buƙata ba tare da an tilasta mata ba: rumbu ya cika, na kwashe rumbu, ɗebo daga rumbu. Sai rabon:

HDD, rumbu mai faifai.
SSD, rumbu mara faifai.

Wanda ya ji sunan ya riga ya ji rabin bayanin da na yi a sama. Wani zai ce ai ana amfani da "rumbun bayanai" wajen taskar bayanai irin ta bankuna da ma'aikatu. Gaskiya ne, amma wancan ba ya rabuwa da "bayanai". In an ce rumbun kwamfuta, ko rumbu kawai a cikin situdiyo, babu mai rikicewa.

8/ Mu gwada ta a bakin aiki. Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne rumbu uku: rumbun manhaja, inda Windows ko macOS da manhajar haɗa sauti suke, rumbun aiki, inda ake ɗaukar murya, da rumbun kayan kiɗa, domin manhajojin kayan kiɗa irin su Kontakt ba sa loda dukkan sautin fiyano a RAM, farkon kowane sauti kawai suke riƙewa, sauran daga rumbu suke janyowa lokacin da ka danna. A zamanin rumbu mai faifai wannan rabon wajibi ne, don kada hannu ɗaya ya yi wa uku hidima. Da rumbu mara faifai, guda ɗaya mai kyau yana ɗaukar sahu ɗari, rabon ya zama na tsari da samun fili.

9/ Na huɗu shi ne wanda ba na yarda a yi sakaci da shi, na sa masa rumbun ko-ta-kwana, inda kwafin aiki yake kwana. Nan mai faifai ya fi dacewa, ga girma ga sauƙin kuɗi. Masu haɗa rumbu biyu da RAID 0 don ƙarin gudu su sani ana raba kowane fayil ne tsakanin biyun, ɗaya ya mutu duka aikin ya tafi. RAID 1 yana rubuta abu ɗaya a duka biyun, amma in ka goge waƙa bisa kuskure, a duka biyun ta gogu, don haka shi ma bai maye gurbin ko-ta-kwana ba.

10/ Saura wanda ake jonawa da kwamfuta ta wayar USB. Na fi son rumbun waje, kishiyarsa rumbun ciki. In a kansa za ka yi aiki, duba ramin da ka jona shi: USB 2.0 da ƙyar yake ba da megabayit 40 a sakan, ko da mara faifai ne a ɗaya bakin wayar. Mai wata kalmar da ta fi "waje" ya kawo ta tare da jimlar da zai faɗa wa yaronsa da ita, mu ji yadda take zama a baki.